Wasiƙa daga Shikago: Fuskar da Picasso Ya Farfasa

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida. Ina gaishe ku daga Shikago ta Amurka, da fatan kuna lafiya.

Akwai wani zane a gidan adana zane-zane na Art Institute da ke nan birnin, wanda na yi ta komawa gabansa har ban san iyaka ba. Pablo Picasso, ɗan Sifaniya mazaunin Faris, shi ya zana shi a shekarar 1910. Mutumin da ke ciki Daniel-Henry Kahnweiler ne, Bajamushen dillalin zane da ya buɗe ɗan shagonsa a Faris a 1907, yana sayen aikin Picasso da Georges Braque tun mutane na yi musu dariya.

Ranar da na fara ganinsa ban ga mutum ba sam. Sai gutsattsarin launin toka da ruwan ƙasa, kamar an fasa madubi an zube a tabarma. Da na ƙara tsayawa, idona ya kama sarƙar agogon aljihu, daga nan hannaye biyu a harɗe kan cinya, can sama kuma gashi a kwance an taje shi. Kafin in ankara, ga mutumin zaune cikin natsuwarsa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Wannan salo shi ake kira kubizim. Sunan ya samo asali ne daga wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, da ya ga zanen Braque a 1908 ya ce Braque ya mayar da komai 'yan dunƙule masu kusurwa, wato "cubes" da Faransanci. A lokacin kyamara ta riga ta iya ɗauko kamannin fuska, don haka su Picasso suka nemi abin da ita ba ta iyawa. Ni a ganina sun dace. Ku tuna fuskar mahaifiyarku: ai ba ta gefe ɗaya take zuwa muku ba. Kun gan ta tana dariya, kun gan ta ta sunkuya kan murhu, kun ga ƙeyarta tana fita, duk a haɗe suke a zuciya. Irin wannan sanin ne Picasso ya shimfiɗa a kan ƙyalle guda.

Akwai hannun Afirka a ciki, kuma raina kan sosu idan aka tsallake shi. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro da ke Faris, ya ga fuskokin sassaƙa da Turawan mulkin mallaka suka kwaso. Sun sauya masa tunani ƙwarai, amma masassaƙansu ko sunansu ba a rubuta ba.

Shi kuwa Kahnweiler, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 gwamnatin Faransa ta ƙwace zanukan shagonsa saboda shi Bajamushe ne, aka yi gwanjonsu tsakanin 1921 da 1923 a farashin wulaƙanci. Duk da haka bai bar sana'ar ba, kuma daga baya ya sake zama dillalin Picasso har mai zanen ya rasu a 1973.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Shikago