Kafin ku ɗora injin injekta a tsohuwar bas

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, matasa da yawa masu tsofaffin bas na haya da na dakon kaya suka fara tunanin sauke injin kafireta su ɗora mai injekta. Tunanin yana da tushe, domin injin da kwamfuta ke auna masa mai daidai da iskar da yake shaƙa ya fi tsimin fetur, ya fi saurin tashi da sanyin safiya, kuma ba ya buƙatar a riƙa taɓa masa sulo kowane mako. Na yi wannan aikin a kan tsohuwar Toyota Hiace ƙirar shekarun 1980 mai injin 3Y, na ɗora mata 2RZ-E mai lita 2.4, kuma yawancin kuɗin da na yi asara sun tafi ne saboda na ɗauka inji kawai nake saye.

Injin kafireta ba ya neman abu mai yawa daga jikin mota. In ka ba shi fetur da wuta daga batir, zai tashi. Mai injekta kuwa ba ya motsi sai da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da wayoyin da ke haɗa ta da nozul masu fesa mai da sensa-sensa, da na'urar auna iska, da famfon mai na lantarki, da rile da fis ɗinsu. Ni na sayi injin tsirara saboda ya fi araha, da niyyar in tattara sauran kayan daga baya, wanda daidai yake da sayen doki ba linzami. Ƙwaƙwalwar da na samo ta wata mota ce daban, soket ɗinta bai yi daidai da wayoyin da na saya a wani shago ba, sai mai wayarin ya shiga yanka da ƙulli yana lalube, har motar ta zama tana tashi yau, gobe ta ƙi, ba wanda ya san dalili. Shawarata ita ce ku sayi komai daga mota guda. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, ku nemi injin da ya zo da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa ba a yanke ba, ku kuma dage a tayar muku da shi a ƙasa kafin ku biya. In injin na baya-bayan nan ne, kamar 2TR-FE da ke cikin Hiace ɗin da ake kira Hummer, ku tambayi makullinsa da na'urar da ke karanta makullin, domin in ƙwaƙwalwar tana da tsarin hana sata, ba za ta saki mai ba sai ta gane makullinta. Ku tambayi fedar totur ɗinsa ma, tun da a irin waɗannan injuna lantarki ne ke buɗe totur, ba waya ake ja ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma nake so ku fi riƙewa, shi ne hanyar mai. Famfon kafireta yana tura fetur da ƙarfin da bai kai rabin bar ba (bar ma'aunin matsi ne), na injekta kuwa yana turawa da kusan bar 3, wato ya ninka na farko sau da yawa. Tsohon tiyon roba da tsofaffin kilif ba a yi su don wannan matsin ba. Na bar tsohon tiyo a wuri guda saboda a ido lafiyarsa ƙalau, bai daɗe ba ya tsage ya fara fesa fetur kusa da salansa, Allah ne ya kiyaye warin ya iso hanci kafin wuta ta kama. Ku tuna cewa a Hiace injin yana ƙarƙashin kujerar direba da ta mai zaman gaba, fasinjoji kuma suna bayansa da ƙofar fita guda ɗaya. Ku canza tiyo duka da wanda aka yi don injekta, ku sa filtar ƙarfe, ku ja bututun da ke mayar da ragowar mai tanki in injin yana buƙatarsa, kuma a haɗa famfon ta rile ta yadda zai tsaya da zarar inji ya mutu. Tankin kansa a sauke shi a wanke, domin tsatsar da kafireta ke haƙuri da ita tana toshe nozul, tana kuma kashe famfo. Tsohon tanki ba shi da ɗan kwanon da ke tare mai a bakin famfo, saboda haka in mai ya yi ƙasa, famfon zai riƙa jan iska a kwana ko a hawa.

Akwai kuma al'adar da makanikai da yawa suka gada ta cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu tana da zafi. Na yarda aka yi mini haka, sai na ga man da nake fatan ragewa bai ragu ba, fulogi kuma suna yin baƙi. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa tana duba zafin ruwa ta sensa, in ta ga injin bai kai zafin aikinsa ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yadda take yi da asuba. In kuna tsoron zafi, ku sa lagireton da ya dace da girman sabon injin, ku bar tamostat a wurinsa. Haka ma in injin ya zo da sensar salansa mai auna hayaƙi, a huda mata gurbi a bututun salansa, kada a naɗe wayarta a ɓoye.

Aikin ƙarfe ba shi da wuyar ganewa, amma yana cin kuɗi. Mazaunin inji zai canza, bakin tsohon giyabos ba lallai ya dace ba, in kuma kuka ɗauki giyabos ɗin sabon injin, wataƙila sai an rage ko an ƙara tsawon farfela. Duk wanda zai yi walda a jikin motar bayan an haɗa wayoyi, ya cire kan batir da soket ɗin ƙwaƙwalwa tukuna. Kada kuma ku manta da birki, domin injin ya ƙara ƙarfi amma birkin yana nan da shekarunsa, direba kuwa in ya ji mota tana ja, totur yake ƙarawa.

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, ku zauna da makanike da mai wayarin tare, ku tabbata mai wayarin ya taɓa yin irin wannan aikin kuma ya iya karanta zanen wayoyi, sannan ku rubuta kuɗin kowane abu. In jimillar ta kusa kuɗin bas ɗin da aka ƙera da injekta tun daga kamfani, ku sayar da taku ku cika ku sayi waccan. In kuwa kun ci gaba, ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin daga hannun mai sayarwa, ku kai ofishin lasisin motoci a gyara takardunku, domin lambar injin da ba ta dace da ta takarda ba tana iya sa 'yan sanda su riƙe motar bisa zargin kayan sata.