Sarari a kan na'ura: yadda na kafa Amazon ECS wa 'yan kasuwar Aboabo

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Aboabo, cikin Kumasi, wadda mambobinta ke tura goro arewa su kuma sauko da albasa da wake, tana da manhajar da ke rubuta kowane huhu da kowane buhu, da motar da ta ɗauka, da kuɗin da aka biya ta MoMo, wato tsarin biyan kuɗi ta wayar hannu. Manhajar ta daɗe a kan kwamfuta guda a ofishin ƙungiyar, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai lissafin jama'a ya tsaya har sai ta dawo. A shekarar 2023 shugabannin suka ɗora mini aikin mayar da ita kan na'urorin haya na girgije, wato kwamfutocin da kamfani irin Amazon ke bayarwa haya ta intanet, da sharaɗin kada kuɗin wata ya wuce abin da asusun ƙungiya zai iya ɗauka, domin ana karɓar kuɗin mambobi da sidi ne, ana kuma biyan haya da dala.

Manhajar ta riga ta kasance cikin kwantenonin Docker guda biyu, wato ƙunshi biyu da kowane ke ɗauke da sashen manhaja tare da duk abin da yake buƙata domin ya yi aiki a kan na'ura. Ɗaya ita ce ke amsa wayoyin 'yan kasuwa, ɗayar kuma tana aiki a bayan fage, tana tabbatar da biyan kuɗi tana aika saƙon tes ga mai kaya. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai yanke a kan wace na'ura kowace kwantena za ta zauna, ya tayar da wata idan ta mutu, ya kuma musanya tsohuwa da sabuwa ba tare da an rufe aiki ba. Na duba wani tsari irin wannan mai suna Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, amma a EKS, sabis ɗin da Amazon ke tafiyar da shi a ciki, ana biyan santi 10 na dala a kowace awa a kan rukunin na'urorin kansa, wato fiye da dala 70 a wata tun kafin a kunna na'ura ko ɗaya. Shi kuwa ECS, tsarin Amazon na kansa mai yin wannan aiki, wanda ya buɗe wa kowa a 2015, ba a biyan komai a kansa idan na'urorin hayar Amazon da ake kira EC2 ne ke ɗauke da kwantenonin, kuɗin na'urorin kawai ake biya. Akwai kuma Fargate, inda mutum ba ya kula da na'ura sam, sai dai ga aikin da ke gudana dare da rana na lissafa na ga ƙananan na'urori biyu sun fi mana sauƙi.

Batun yanki, wato a wane ɓangaren duniya na'urorin za su kasance, bai ɗau lokaci ba. Amazon ya buɗe yankin Cape Town a watan Afrilun 2020, kuma a taswira shi ne namu na Afirka, amma da na gwada daga layukan wayar da mambobi ke amfani da su a Aboabo da Asawase, na Landan ya fi saurin amsawa, farashinsa kuma ya ɗan fi sauƙi. Wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a gaɓar Accra da yawansu Turai suka nufa, MainOne zuwa Fotugal, Glo-1 zuwa Ingila. Tun da sunaye da lambobin wayar mutane za mu ajiye, na kuma tunatar da shugabanni cewa dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa mai riƙe irin waɗannan bayanai yin rajista da hukumar kare bayanai.

Kafa rukunin kansa suna ne kawai ake ba shi. Aikin gaske yana wajen shigar da na'urori cikinsa. Na ɗauki ƙananan na'urori samfurin t3.small guda biyu, kowace da memori gigabait 2, na ajiye su a shiyyoyi biyu daban na yankin Landan domin kada matsala ɗaya ta same su tare. Na yi amfani da tsarin Amazon Linux da aka shirya musamman domin ECS, wanda ya zo da Docker da kuma wakilin ECS a ciki. Wakilin nan ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kan na'ura, tana kai rahoton halin da ake ciki, tana karɓo umarni. Abu uku yake buƙata kafin na'ura ta bayyana a rukuni. Dole a rubuta sunan rukunin a layin ECS_CLUSTER cikin fayil ɗin /etc/ecs/ecs.config, in ba haka ba zai nemi rukunin da ake kira default. Dole na'urar ta riƙe izini daga IAM, tsarin ba da izini na Amazon, da ke ba ta damar yin rajista, sannan dole ta sami hanyar isa ga ECS, wadda galibi ta intanet ce, domin wakilin ne ke kiran ECS, ba ECS ke kiran sa ba. Idan ɗaya daga cikin ukun ya yi rauni, na'urar za ta kunnu lafiya ƙalau, ana kuma caje ta, amma rukunin zai nuna babu kowa. Inda ake gane dalili shi ne kundin wakilin da ke cikin /var/log/ecs, kuma na saba da buɗe shi tun kafin na fara zargin wani abu dabam.

Daga nan sai takardar bayanin aiki, inda ake faɗa wa ECS wace kwantena zai ɗauko daga ECR, ma'ajiyar kwantenoni ta Amazon, da ƙarfin da take buƙata, da inda za ta zuba rahotonta. Kalmomin sirri na rumbun bayanai da na MoMo ban rubuta su a takardar ba, na ajiye su a wata ma'ajiya dabam ta Amazon mai suna Parameter Store, takardar tana nuni da su kawai, domin duk wanda ke da ikon karanta takardar zai iya ganin abin da aka rubuta a fili. Wanda ke gina kwantena a kan sababbin kwamfutocin Apple masu guntun ARM ya kula ya gina ta domin guntun jinsin x86, tun da t3 na wannan jinsin ne, kuma kwantenar da aka gina wa wani jinsi tana mutuwa nan take. Ƙofofi, wato lambobin da saƙo ke bi ya isa kwantena, su ma suna da nasu sharaɗi. Idan aka bar ECS ya zaɓa wa kowace kwantena ƙofa da kansa, yakan ɗauko lamba daga 32768 zuwa sama, saboda haka katangar tsaron na'urar sai ta buɗe wannan zangon ga mai raba zirga-zirga shi kaɗai, wato tsarin da ke karɓar buƙatun wayoyi yana rarraba su ga kwantenoni, yana kuma gwada lafiyarsu. Idan ba a buɗe ba, gwajin lafiya zai riƙa faɗuwa, ECS kuma zai riƙa kashe kwantena mai lafiya yana tayar da wata ba iyaka.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin duk mai wannan aiki da ƙaramin kasafi zai daɗe, shi ne lissafin memori. A farko kowace kwantena an rubuta mata megabait 768, kowace na'ura kuma tana ɗauke da biyu, mai amsa waya ɗaya da mai bayan fage ɗaya, jimilla 1536. Na'urar gigabait 2 ba ta miƙa duk memorinta ga ECS, domin tsarin Linux da Docker da wakilin suna cin nasu rabo, saboda haka abin da ya rage bai kai 768 ba. Komai ya yi aiki daidai har ranar da aka zo saka sabon fasalin manhajar. ECS bai kashe komai ba, bai kuma tayar da komai ba, sai dai ya riƙa rubuta cewa babu na'urar da ke da isasshen memori.

Dalilin yana cikin lambobi biyu da sabis ɗin ECS ke zuwa da su tun asali. Ta farko ta ce kada adadin kwantenoni masu lafiya ya sauka ƙasa da kashi 100 cikin ɗari yayin musanya, ta biyu ta ce zai iya haura har kashi 200. Ma'anarsu ita ce sai sabuwa ta tashi, ta ci gwajin lafiya, sannan a sallami tsohuwa, kuma wannan shi ne ke sa ɗan kasuwa da ke tsakiyar rubuta buhunsa bai ma san an canza wani abu ba. Amma sabuwar tana buƙatar wurin zama yayin da tsohuwar ke nan, kuma ECS ba ya duba memorin da ake ci a zahiri, abin da aka rubuta a takarda yake cirewa daga abin da na'ura ta yi rajista da shi. Kwantena tana iya cin 200 kawai, amma muddin an rubuta mata 768, to 768 ɗin ya tafi.

Ana iya sauke lambar farko zuwa kashi 50 domin a kashe ɗaya kafin a tayar da sabuwa, kuma wannan hanya ce halastacciya, sai dai ban so a bar kwantena guda tana ɗauke da kowa a safiyar da motoci ke lodi ba. Abin da na yi shi ne auna cin memorin kowace kwantena na tsawon lokaci, a ranakun kasuwa da ranakun hutu, sannan na raba iyaka biyu da takardar ta tanada. Akwai memorin da ake keɓe wa kwantena, wanda shi ECS ke cirewa a lissafinsa idan an rubuta shi, akwai kuma iyakar ƙarshe da idan ta ƙetare za a kashe ta. Mai amsa waya na keɓe mata 384, mai bayan fage 256, iyakar ƙarshe ta kowace na bar ta a 768. Kowace na'ura ta koma ɗauke da 640 a rubuce, wanda ke nufin ko an ninka lokacin musanya 1280 ne, kuma idan na'ura ɗaya ta faɗi, dukkan kwantenoni huɗun za su shige cikin ɗayar. Wannan tsari yana da haɗarinsa, domin idan dukkansu suka kumbura lokaci guda har iyakar ƙarshe, memorin na'urar ba zai ishe su ba, shi ya sa awon ya zama wajibi kafin a rubuta kowace lamba.

Ma'ajin ƙungiyar dattijo ne da ya san lissafi ƙwarai, kuma da na nuna masa allon da ke bayyana cewa fiye da rabin kowace na'ura a buɗe yake, sai ya ce, "To ɗana, in duk za su shiga guda, me ya sa muke biyan dala a kan biyu?" Tambaya ce ta gaskiya daga wanda amanar kuɗin mutane ke hannunsa. Na ce masa, "Alhaji, idan aka cika sito da huhu har bakin ƙofa, ranar da sabon kaya ya iso sai an fitar da tsohon a ajiye a titi kafin a shigar da shi." Ya yi shiru, ya nemi na rubuta masa kuɗin na'ura ta biyu daban a rahoton wata, domin ya iya kare shi a gaban mambobi. Har yanzu haka nake rubuta shi.

Ƙarshen wata na farko ya kawo wata lamba da ya kamata kowa ya haddace, wato 137. Kwantenar bayan fage ta tsaya da wannan lambar a daidai lokacin da take haɗa rahoton wata na dukkan mambobi. Lambar 128 ce aka haɗa da 9, tara kuma ita ce siginar kisa ta Linux, wadda a nan ta zo ne domin kwantenar ta ƙetare iyakarta ta 768. Ɗaga iyakar zai lalata lissafin da aka yi a sama, don haka na cire rahoton daga cikinta gaba ɗaya, na mai da shi aiki mai zaman kansa da ke tashi da tsakar dare bisa jadawali, yana karanta bayanai kashi-kashi maimakon ɗauko su duka lokaci guda, ya gama ya sauka.

Akwai wani abu da ya shafi kuɗin mutane kai tsaye, wanda na fi ba wa muhimmanci a kan duk saurin manhaja. Idan ECS zai sallami kwantena, yakan fara aika mata siginar SIGTERM, ya jira daƙiƙa 30, sannan ya kashe ta da ƙarfi idan ba ta sauka ba. Kwantenar da ke tsakiyar tabbatar da biyan MoMo, idan aka yanke ta bayan ta rubuta kuɗin amma kafin ta nuna cewa ta gama, wadda ta gaje ta za ta iya sake rubuta shi. Ga mai albasa da ya biya sidi dubu biyar, ganin an rubuta masa sau biyu ko ba a rubuta ba sam ya isa ya zubar da yardar da aka yi shekaru ana ginawa. Na gyara manhajar ta daina karɓar sabon aiki da zarar siginar ta iso, ta ƙarasa na hannunta, na kuma sa rumbun bayanai ya ƙi karɓar lambar ciniki ɗaya sau biyu ko da wace hanya ta zo.

Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a tekun da ke daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni ƙwarai a Ghana da maƙwabta. Kwantenoninmu suna can Landan suna aiki lafiya, amma wayoyin Aboabo da ƙyar suke isa gare su, kuma babu wata lamba a takardar bayanin aiki da za ta iya gyara wannan. Magatakardan ƙungiya suka koma littafi da biro, daga baya aka shigar da komai da hannu. Bayan wannan ne muka sa manhajar wayar ta riƙa ajiye abin da aka rubuta a cikin wayar, ta tura shi idan layi ya dawo, tare da lambar ciniki ta musamman ga kowane shigarwa domin kada a maimaita. Rumbun bayanan kuma ana sauke kwafinsa kowane dare zuwa tsohuwar kwamfutar ofis, kuma a farkon kowane wata ina ɗauko kwafi ɗaya na dawo da shi a wata na'ura ta gwaji, na gwada jimillar kuɗinsa da rahoton da ke hannun ma'aji.