Tsakanin Mazda MX-5 da Lamborghini Huracán, wace ce ta ci kuɗinta?

Wata yamma a unguwar Wuse da ke Abuja na tsaya ina kallon wata ƙasaitacciyar motar Italiya, rawaya, wadda cikinta ya kusa taɓa kwalta. Da direbanta ya iso tudun nan da ake yi a titi domin rage gudu, sai ya taka birki har ya kusa tsayawa, ya danna maɓallin da ke ɗaga gaban motar, sannan ya karkata sitiyari ya haye a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, yayin da samari suka zaro wayoyinsu suna ɗaukar hoto. Ni ma ta burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun daga ranar nake tambayar kaina ko kashi nawa na abin da mai irin wannan mota ya biya yake mora a zahiri.

Bari in ɗauki motoci biyu da na daɗe ina bibiyar labarinsu. Lamborghini Huracán, wadda aka ƙera a garin Sant'Agata Bolognese na Italiya daga 2014 zuwa 2024, tana da inji mai silinda 10 da girman lita 5.2. Samfurinta na EVO yana da ƙarfin dawaki 640 a ma'aunin Turai, yana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 2.9, yana kuma iya zarce kilomita 325, farashinsa a Amurka kuwa ya haura dala 250,000. Mazda MX-5, wadda ake ƙerawa a Hiroshima ta Japan, silinda 4 kawai gare ta, ƙarfin dawakinta bai kai 190 ba, tana buƙatar wajen daƙiƙa 6 da rabi kafin ta kai kilomita 100, kuma ana sayar da sabuwarta a kan kusan dala 30,000. Ke nan da kuɗin Huracán ɗaya mutum zai iya jera MX-5 takwas a ƙofar gidansa, alhali kowace daga cikin motocin biyu mutum biyu kawai take ɗauka.

Idan a takarda za a yi hukunci, babu ma abin gwadawa. Amma ba a takarda ake tuƙa mota ba. Doka a manyan hanyoyin Italiya ita kanta ta tsayar da gudu a kilomita 130, a namu na Najeriya kuwa 100 ne ga ƙananan motoci. Mai Huracán yana taka totur na daƙiƙa uku ya iso iyakar da doka ta gindaya masa, sauran ƙarfin da ya zuba dukiya a kansa kuma sai ya zauna a ajiye, sai fa in ya sami filin tsere.

Abin da ya sa na karkata ga ƙaramar motar shi ne ranar da wani abokina ya ba ni makullin tasa, tsohuwa ce da ya saya ta hannu, muka hau hanyar Jos. A kwanonin Hawan Kibo, ba tare da na ƙetare ƙa'ida ba, na yi amfani da duk abin da motar take da shi. Mun naɗe rufin da hannu ɗaya, iska tana kaɗa mu. Sandar giyar gajeriya ce, da wuyan hannu kawai ake sauya ta, kuma duk abin da tayoyin gaba suka taka ina jin sa a tafin hannuna ta cikin sitiyari. Sirrin ba wani abu ba ne illa rashin nauyi, domin motar ba ta wuce tan ɗaya da kaɗan ba, injinta yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta, nauyin kuma ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. Injiniyoyin Mazda suna kiran manufarsu da kalmar Japananci, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa ganin gwanin mahayi a hawan sallah yana tsayar da ingarma cak da ɗan motsin linzami ya san abin da suke nufi, ya kuma san cewa dokin da ya fi ƙarfin mahayinsa ba ya ba shi wannan daɗi. Ba mamaki tun da aka fara nuna motar a baje kolin Chicago a 1989 kasuwarta ba ta mutu ba, har aka ƙera ta miliyan ɗaya a 2016.

Akwai kuma batun riƙo. Taya, birki da inshorar Huracán sun isa su sayi wata motar, kuma ba kowane bakanike ne zai yarda ya buɗe ta ba. MX-5 kuwa inji ne na yau da kullum, wanda mai gyara nagari zai gane cikin sauƙi, shi ya sa mai ita yake fita da ita ba fargaba.

Dole in yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Rurin injin nan mai silinda 10, wanda babu turbo (na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi) a jikinsa, abu ne da ƙaramar mota ba za ta taɓa bayarwa ba, kuma wanda ya saya dominsa bai yi wauta ba. Masu cewa irin waɗannan motoci jari ne sukan kafa hujja da Ferrari 250 GTO da aka yi gwanjonta a kan dala miliyan 48.4 a 2018, amma guda 36 kacal aka ƙera irinta, Huracán kuwa ta haura 20,000, saboda haka ba kwale-kwale ɗaya suke ciki ba. Wanda kuma gudun ne kansa yake nema, Chevrolet Corvette ta 2020, mai inji a tsakiya, ta fito a kan farashin da bai kai dala 60,000 ba, tana tashi kusan kafaɗa da kafaɗa da motocin Italiya.

Da za a ɗora mini makullan biyu a kan tebur a ce in zaɓi wadda zan riƙa tuƙawa da kuɗin aljihuna, na Mazda zan ɗauka, in sake komawa hanyar Jos da sassafe kafin manyan motoci su fito.