Abin da nake dubawa kafin in sayi baƙin cakulan

Na yi shekaru ina zaɓen baƙin cakulan da abu ɗaya tak, wato lambar nan ta kason koko da ake bugawa ɓaro-ɓaro a gaban takardarsa. Idan na tarar da mai kashi 70 cikin 100 kusa da mai kashi 85, kan na biyun hannuna yake sauka, domin a lissafina na wancan lokaci, gwargwadon hawan lamba gwargwadon ingancin abin da ke ciki. Ranar da wannan lissafi ya rushe, wani mai kashi 90 na saya, na ɓare shi cike da ɗoki, na ɓalli ɓari guda na sa a baki. Abin da na ji shi ne ɗaci haɗe da ƙauri kamar na tauna gawayi, sannan wani bauri ya biyo baya ya ɗaure mini harshe har sai da na nemi ruwa. Na lallashi kaina da cewa haka cakulan na ƙwarai yake, bakina ne bai waye ba. Bayan 'yan makonni wata abokiyar aikina ta gutsuro mini wani mai kashi 70 da aka yi da kokon Madagaska, sai na ji ɗacinsa bai taka kara ya karya ba, ga ɗan tsami-tsami irin na 'ya'yan itace, ga ƙamshi da ya daɗe a baki bayan ya narke. Tun daga ranar na koma karanta bayan takarda kafin gabanta.

Lambar ba ƙarya take yi ba, sai dai abin da take faɗa bai kai yadda ake zato ba. Jimilla ce ta duk abin da ya fito daga ƙwayar koko, wato markaɗaɗɗen koko, da man koko da aka ƙara, wani lokaci har da garin koko. Ita ƙwayar kanta kusan rabinta mai ne, saboda haka ana iya samun cakulan biyu masu kashi 70, ɗaya markaɗaɗɗiyar ƙwaya ce zalla, ɗayan kuma an rage ƙwayar an cike giɓin da mai. Na farko zai fi ƙarfin ɗanɗano, na biyu zai fi santsi da saurin narkewa, alhali lambarsu ɗaya. Abin da ya rage bayan an cire kason koko kusan dukkansa sukari ne, don haka giram 100 na mai kashi 70 yana ɗauke da sukari wajen giram 30, na mai kashi 85 kuma wajen giram 15. Yawan sukari shi ne abin da lambar take tabbatar wa mai saye. Game da kyan ƙwayar, da yadda aka sarrafa ta, ba ta cewa uffan.

Jerin kayan haɗi shi ne inda maganar take. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka a cakulan da ya amsa sunan mai koko da yawa, koko ne ya kamata ya zo farko. Wanda na fi amincewa da shi jerinsa gajere ne: koko, sukari, watakila da man koko. Idan na ga lesitin, wanda galibi daga waken suya ko irin furen rana ake samunsa, ba na mayar da cakulan ɗin kan kanta, domin ɗan kaɗan ake sawa don haɗin ya yi saurin zuba cikin mazubi, kuma akwai masu sana'ar kirki da suke amfani da shi. Banila ta gaskiya ma ba laifi, ko da yake nakan tambayi kaina me ya sa ƙwaya mai kyau za ta nemi ƙarin ƙamshi. Inda nake ja da baya shi ne idan an rubuta sinadarin ƙamshi ba tare da an faɗi ko na mene ne ba, ko kuma na ga wani mai da ba na koko ba. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa wasu mayuka na tsirrai, irin su man kaɗe da man ƙwallon mangwaro, har zuwa kashi 5 cikin 100, muddin an bayyana a jikin takarda, kuma dokar ta wajabta aƙalla kashi 35 na koko kafin a kira abu cakulan. Yin hakan bai saɓa wa doka ba, amma wanda ya fito neman koko da yawa ba wannan ya fito nema ba.

Akwai wata kalma guda da na daɗe ina tsallakewa, alhali tana da nauyi. Wasu takardun sukan ce an sarrafa kokon da alkali, wato an wanke shi da wani sinadari mai kashe tsami, dabarar da ake dangantawa da gidan van Houten na ƙasar Holan, waɗanda a shekarar 1828 suka fito da injin matse mai daga ƙwayar koko. Wannan wanki yana ƙara wa koko duhu, ya rage masa tsami da kaifi, amma yana tafiya da kaso mai yawa na sinadaran filabanol da ake yabon baƙin cakulan saboda su, kuma yana shafe ɗanɗanon da ya bambanta kokon wata ƙasa da na wata. A nan na gane cewa tsananin baƙi ba shaidar inganci ba ce. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi burge ni launinsu ruwan ƙasa ne mai ratsin ja.

Ɗanɗanon cakulan tun daga gona yake farawa. Idan aka fasa kwanson koko, ƙwayoyin suna fitowa ne lulluɓe da wani farin nama mai zaƙi da yauƙi, sai a tara su a akwatin katako ko a rufe su da ganyen ayaba, a bar su su tsimu na tsawon kwana biyar zuwa bakwai ana jujjuyawa. A cikin kwanakin nan tsibin yakan ɗauki zafi har ya kusa digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, baurin ƙwayar ya ragu, abubuwan da za su zama ƙamshi a wajen gashi su samu. Daga nan sai shanya, sai gashi, sai sheƙe ɓawo, sai niƙa. Ƙwayar da aka yi wa gaggawa ba ta tsimu ba bauri gare ta, wadda aka shanya da hayaƙi tana ɗaukar warinsa, wadda ta yi fumfuna kuma babu injin da zai raba ta da warin. Hanya mafi sauƙi ta ɓoye irin waɗannan aibobi ita ce a tsananta gashi har komai ya koma ɗaci ɗaya, kuma ina kyautata zaton abin da na ci karo da shi ke nan a wancan mai kashi 90. Sukari yakan rufa wa ƙwaya asiri, to idan aka rage shi zuwa kashi 10, babu sauran abin da za ta fake da shi.

Shi ya sa nake jin daɗin takardar da ta faɗi inda kokon ya fito. Kwaddibuwa da Gana su ne ke samar da wajen rabin kokon duniya, kuma kokon Gana da aka sarrafa da kyau yana da wannan gardi mai nauyi da yawancin mutane suka sani a matsayin ɗanɗanon cakulan. Na kwarin Sambirano a Madagaska tsami-tsami gare shi, irin Nacional na Ekwado kuma an san shi da ƙamshin fure. Sunayen iri kamar Criollo da Trinitario da Forastero ba na ɗora musu nauyi sosai, domin itatuwan sun daɗe da cakuɗuwa a gonaki, kuma sunan Criollo ya zama abin talla. Faɗin ƙasa ma ba lamuni ba ne, illa dai mai sana'ar da ya ambaci yanki ko ƙungiyar manoman da ya saya daga wurinsu ya nuna ya san abin da ya zuba a injinsa.

Sauran hukuncin sai an ɓare. Fuskar cakulan mai kyau tana sheƙi, idan kuma aka karya shi sai ya ce ƙas, bakin karayar ya fita sumul ba tare da ya marmashe ba. Dalili shi ne man koko yana iya daskarewa a siga shida daban-daban, kuma ta biyar ce kaɗai ake so, wadda ake samu ta hanyar narkar da cakulan, a sanyaya shi, a sake ɗumama shi kaɗan. Wannan siga tana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake tsayawa da ƙarfi a hannu amma ya narke a kan harshe. Ni dai ba na taunawa da farko. Nakan shinshina, in ɗora ɓarin a kan harshe in ƙyale shi, domin a cikin rabin minti ɗanɗanon yakan sauya sau biyu ko uku, kuma abin da ya saura a baki bayan an haɗiye shi ne ya fi gaya mini gaskiya. Idan na ji garas-garas kamar yashi, niƙan bai yi ba. Idan na ji wani abu ya lulluɓe mini dasashi kamar kakin zuma, sai in koma in sake karanta jerin mayukan. Laushin da muka saba da shi a yau ya samo asali ne daga injin da Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1879, wanda yake murza cakulan na sa'o'i masu yawa har tsamin da ya yi kaifi ya fice.

Wani lokaci mutum yakan ɓare ya tarar da fari-fari a jiki kamar ƙura. Mai ne ya narke ya sake daskarewa a sama, ko kuma laima ce ta jiƙa sukari ya fito. Ba ya cutarwa, amma alama ce ta cewa an yi sakaci wajen ajiya, kuma laushin ya riga ya tafi. Wuri busasshe mai sanyi, tsakanin digiri 15 zuwa 18, shi ya fi dacewa da shi. Idan dole sai firji, a rufe shi ruf a cikin mazubi, don yana kwasar warin duk abin da ke kusa da shi, kuma a bari ya huce daga sanyin kafin a buɗe.

Ta fuskar lafiya ba na yaudarar kaina. Ƙarancin sukari gaskiya ne, amma man yana da yawa, kuma gwargwadon yawan koko gwargwadon yawan sinadaran tiyoburomin da kafeyin, waɗanda kan hana wasu barci idan suka ci da dare. Itacen koko kuma yana zuƙar ƙarfen kadmiyam mai cutarwa daga ƙasa, musamman a wasu yankunan Kudancin Amurka, abin da ya sa tun daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 0.8 a kowane kilo ga cakulan mai kashi 50 zuwa sama. Ɓari biyu ko uku a rana sun ishe ni.

A yanzu yawancin abin da nake saya tsakanin kashi 70 ne da 75, domin a nan nake jin sukarin ya isa ya fito da ɗanɗanon ƙwayar ba tare da ya danne shi ba. Mai kashi 85 sai daga hannun wanda na riga na gwada mai kashi 70 ɗinsa na gamsu. Idan zan gwada sabo, nakan haɗa shi da wani mai lamba ɗaya daga wata ƙasar, in ɓalli ɓari daga kowanne, in kurɓi ruwa mai ɗumi a tsakani, in rubuta abin da na ji a cikin takardar da aka naɗo shi kafin in manta. A makon jiya na Gana da na Peru na haɗa, dukkansu masu kashi 72, kuma na Peru ne ya riga ƙarewa.