Amsar da na ba mijinta

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin gwaji, bayan shekara tara ina duba bakin mahaifar mata don gano alamun sankara da wuri a Garwa, arewacin Kamaru. Ƙannena da za su gaje ni sun ce in bar musu wani abu a rubuce. Duk sanda na ɗauki biro, mace ɗaya ce take faɗo mini a rai.

Shekararta 34, 'ya'yanta biyar, ƙosai take soyawa a bakin titi. Na shafa mata ruwan khal a bakin mahaifa, na jira minti guda, sai ga farin tabo ya fito sarai, irin wanda kan iya zama sankara in an bar shi. Ƙarami ne, irin wanda na'urarmu take ƙonewa da zafi kafin mace ta gama salati. Amma majo, shugaban ma'aikatan jinyarmu, ya kafa doka: ba a taɓa matar aure sai mijinta ya zo ya sa hannu, tunda ba zai kusance ta ba na wajen wata guda. Na'urar kuwa tana kulle a ofishinsa.

Washegari ta zo da maigidan. Mutum mai natsuwa, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya ce, "Malama, me yake kawo wannan ciwo?" Ni kuma na juya masa abin da aka koya mana da Faransanci kai tsaye. Na ce, "Malam, ƙwayar cuta ce, HPV, ta wurin saduwa ake ɗaukarta." Ban yi ƙarya ba. Amma a take na ga fuskarsa ta sauya. Ya dube ta ya ce, "To, a wurin wa kika ɗauko?"

A nan ya kamata in tare shi. In ce masa kusan duk wanda ya taɓa aure, mace ko namiji, sai ya gamu da ƙwayar nan, kuma yawanci jiki yakan kore ta da kansa cikin shekara biyu. In ce namiji yana yawo da ita ba alama ko ɗaya, ƙila ma daga gare shi ne ko daga auren fari. In ce kafin ta zama sankara takan ɗauki shekara 15 zuwa 20, saboda haka tabon nan ba shaidar jiya ba ne. Duk na san wannan. Kunya da tsoron idonsa suka ɗaure mini harshe. Ya sa ta gaba suka fita, ko lambar wayarta ban karɓa ba.

Bayan shekara huɗu yayarta ta kawo ta, tana zubar da jini, ga wari, ga takardar saki tun tuni. Ta ce, "Malama, ashe kin gane ni." Abin ya wuce ƙarfinmu, sai dai a gasa sankarar da na'ura a Duwala ko Yawunde. Mota zuwa Gaundare, kwana a jirgin ƙasa, masauki, kuɗin magani: ina mai ƙosai za ta samo? Ba ta ga azumin shekarar ba. Allah ya jiƙanta.

A taron safe majo ya ce bakina ne ya kashe ta. Na karɓi rabona, har yau ina ɗauke da shi. Sai dai ba wanda ya tambayi majo, mai makullin na'urar, dalilin da ya sa mace ta hau gadon gwaji, aka ga ciwonta, ta sauka ba a yi mata komai ba. An ƙara masa girma daga baya.

Tun daga ranar, ni nake fara magana kafin miji ya yi tambaya, da Hausa ko Fulatanci, kuma da "kowa yana ɗauka" nake buɗewa. Wadda aka ga tabo, ranar za a ƙone mata shi, in dai ta yarda. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau kada a jira ta kai 30, daga 25 ake fara dubata, haɗarinta ya ninka sau shida. Da riga-kafin HPV ya shigo Kamaru a 2020 ana ta raɗe-raɗin yana hana haihuwa, 'yata mai shekara tara na fara kaiwa, a gaban matan unguwarmu.

Baƙin littafin da nake rubuta sunayen mata a ciki yana aljihun teburi na ƙasa, kowace mace da lambar waya biyu, tata da ta 'yar'uwarta. Akwai uku da na ja wa layi da jan biro, ba su dawo ba tun kafin Sallah. Don Allah ku kira su.