Daren da na ƙirga bakuna a hoton Webb

Hoton farko da madubin hangen nesa na James Webb ya fitar a Yulin 2022 na tarin galaksi ne mai suna SMACS 0723 (galaksi dai babban rukunin taurari ne). Na sauke shi da cikakken girmansa, data ta sha wuya, na zauna da niyyar ƙirga jajayen zaren nan masu lanƙwasa kamar baka. Ashe ba abin gaggawa ba ne.

Da farko duk abin da na gani dogo sai in ce baka ne. Na kai wajen arba'in kafin na gane shirme nake yi, don galaksin da aka hango ta gefe ita ma siririya take fitowa. Bakan gaske kewaya tsakiyar tarin yake yi, cikinsa na kallon fararen manyan galaksin da ke tsakiya. Masu ƙyalli da tsinaye shida kuwa taurarin galaksinmu ne da suka tare gaba, na soke su duka.

Gindin kofin gilashi mai dogon wuya ne ya warware mini. Na ɗiga tawada a takarda, na ɗora shi a kai, ɗigon ya zama zobe. Da na ɗan gusa shi sai zoben ya tsinke biyu. Haka nauyin tarin yake lanƙwasa hasken galaksin da ke can bayansa, kamar yadda lissafin Einstein na 1915 ya nuna, masanin taurari Eddington kuma ya gwada da hasken taurarin da ke wucewa ta gefen rana a husufin 1919 a tsibirin Principe, nan kusa da mu a mashigin Gini. Sai na koma hoton ina neman tagwaye: launi ɗaya, ƙulle-ƙullen haske iri ɗaya, amma a juye kamar a madubi. Galaksi ɗaya ce ta bayyana sau biyu ko uku, ni kuwa na ƙirga ta daban-daban.

Abin da ya hana ni barci shi ne, taurarin da ake gani a tarin ba su da nauyin da zai yi wannan lanƙwasa. Mafi yawan nauyin na wani abu ne da ba ya haske, wanda masanin taurari Zwicky ya yi zarginsa tun 1933. Da asuba lissafina ya dawo ƙasa da ashirin, uku a ciki har yanzu da alamar tambaya a gefensu.