Hayar rumfa daga hannun ɗan haya

Shekara shida ke nan ina kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya a nan Kano. Da farko sabobinmu biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfani, suna wani ɗaki a bayan ofis, da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta taɓa cika wata guda lafiya ba, ga janareta mai shan dizal kamar ya san kuɗin ba daga aljihunsa suke fita ba. A 2021 Alhaji ya gaji, muka kwashe komai muka damƙa wa wani kamfani a Legas. Ƙarfen nasu ne, wuta tasu, gadin dare da rana nasu, mu kuma an ware mana ɓangarenmu da ba ma cakuɗuwa da kowa. Wannan shi ake kira girgije na keɓe. Daga ranar na fara barci da waya a kashe.

Tambaya ɗaya ce ban yi ba: su kuma daga hannun wa suke karɓar lasisin manhajar da ke ɗauke da kayanmu? Na san VMware ce, sai na ɗauka magana ta ƙare. Duk wanda ya taɓa kama rumfa a Kantin Kwari daga hannun wanda shi ma haya yake, ya san inda na dosa. Kuna zaune lafiya da mutuminka, amma ranar da ainihin mai gini ya sauya shawara, ku biyun ne a waje.

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom na Amurka ya kammala sayen VMware, cinikin da ya kai dala biliyan 69 idan an haɗa da bashi. Kafin shekarar ta fita aka daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biya na wa'adi, ana lissafi da yawan ƙwayoyin da ke cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowace firosesa sai an biya mata aƙalla 16 ko da nata ba su kai ba. A 2024 aka rufe tsohon shirin masu ba da hayar girgije, aka buɗe sabo wanda sai da gayyata ake shiga. Ƙananan kamfanoni an bar musu 'yar ƙofa, su raɓu da babba su ci gaba da sayarwa a ƙarƙashin inuwarsa. A watan Yuli na 2025 aka sanar cewa ita ma za a rufe ta a ƙarshen Oktoba a yawancin ƙasashe. A Turai har ƙungiyar CISPE ta masu ba da hayar girgije ta garzaya kotu tana neman a soke amincewar da aka yi wa cinikin.

Ni dai ban tsaya jayayya a kan wannan ba. Mai kaya ke zaɓar dillalansa. Sakacin nawa ne: shekara uku ban buɗe takardar yarjejeniyarmu ba, ban kuma taɓa gwada tayar da ajiyarmu, wato kwafin bayananmu, a wata na'ura daban ba.

Mutanen Legas sun yi mana adalci, sun kira tun da wuri. Zaɓi biyu suka ajiye: ko mu sabunta a sabon farashi, ko su mayar da mu kan Proxmox, manhajar wani kamfani na Austriya wadda kowa ke iya saukewa kyauta, tallafi kawai ake biya. Lasisi da dala ake lissafa shi, dalar da a farkon 2023 take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,400. Alhaji ya duba takardar, ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, wannan haya ce ko sayen gida?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako uku."

Mako biyar muka ci. Tun 2024 Proxmox take da hanyar janyo kwamfutoci kai tsaye daga ESXi, wato manhajar VMware ɗin, kuma na Linux sun wuce sumul. Na Windows ne suka ba mu ruwa. Biyu suka ƙi tashi saboda mun manta ba mu sa musu direban VirtIO ba, 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane faifai a Proxmox, kafin ƙaura. Tsohuwar manhajar akawunmu kuwa lasisinta a ɗaure yake da lambar katin sadarwa, tana ganin sabuwar lamba ta ce ba ta san mu ba. Ranar Litinin ɗin akawu ya wuni yana yanka rasit da biro, yana hararata duk lokacin da na gifta.

Da muka zo sabunta yarjejeniya na sa an rubuta abu biyu: a sanar da mu da kwana 90 idan matsayinsu wurin masu manhaja zai sauya, kuma a ba mu bayananmu a sigar da za ta buɗu a wani wurin. Asabar ɗin farkon kowane wata kuma nakan shiga tsohon ɗakin nan na baya, in tayar da ajiyarmu a kan ɗaya daga tsofaffin sabobin in ga ko za ta tashi. Na'urar sanyin har yanzu ba a gyara ta ba, da fanka nake shiga.